Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Batun Tsofaffin Faya-fayan Kwamfuta

A wannan mako filin nan zai waiwayi wani ɗan abu da jama'a da yawa suka mance da shi a ƙasan akwati ko a bayan kabad, watau faifan kwamfuta irin na da, wanda Turawa ke kira filofi, a nan ƙasar kuwa aka fi saninsa da diskit. Duk wanda ya taɓa aiki da kwamfuta tsakanin shekarar 1980 da ta 2000 ya san shi, ya kuma san irin amanar da aka riƙa ba shi: wasiƙu, lissafin kuɗi, kundin jarrabawa, har da littattafan da ba a kai ga bugawa ba. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, wannan faifai yana mutuwa sannu a hankali ko da ba wanda ya taɓa shi, injunan da ke karanta shi suna ta ƙarewa, waɗanda suka san kansa kuma tsufa yana cim musu. Saboda haka wanda ke da irinsa a ajiye, idan har akwai abin da yake ƙauna a ciki, to yanzu ne lokacin kwashewa, kuma kwashewar tana da ƙa'ida.

Asalinsa

Kamfanin IBM na ƙasar Amurka shi ne ya fara fito da faifan a shekarar 1971. Faɗinsa inci 8 ne, an yi shi don manyan na'urori na ofisoshi. A shekarar 1976 sai kamfanin Shugart ya ƙera ƙaraminsa mai inci 5 da kwata, wanda ya zo daidai da lokacin da kwamfuta ta fara shiga gidajen mutane. Kwamfutar Apple II ta fito a 1977, da farko a kan kaset irin na rikoda ake ajiye mata aiki, abin da kan ɗauki mintoci kafin a sami abu guda. A 1978 Steve Wozniak ya ƙera mata injin karanta faifai, daga nan kuwa kasuwarta ta buɗe. Fuska ɗaya ta faifanta takan ɗauki kilobait 140, watau haruffa wajen dubu 140, kimanin shafi 70 ke nan na rubutun tafireta.

Sauran kamfanoni suka biyo baya. Commodore 64 ta fito a 1982, injin faifanta mai lamba 1541 yana zuba kilobait 170 a fuska ɗaya. A Ingila, kwamfutar BBC Micro ta 1981 ta cika makarantu, kamfanin Amstrad kuma ya zaɓi wani faifai na daban mai inci 3. Kamfanin Sony na Japan ya kawo mai inci 3 da rabi, mai gida na roba mai tauri da ɗan marfin ƙarfe, wanda daga 1987 ya zama mai ɗaukar megabait 1.44. Wannan shi ne wanda akasarin masu karatu suka sani. A yau hoto ɗaya na wayar hannu yakan fi ƙarfinsa, amma a zamaninsa littafi guda yakan shige cikinsa har da saura.

Faɗuwarsa ta soma ne a 1998, sa'ad da kamfanin Apple ya fito da kwamfutar iMac ba tare da wurin sa faifai ba. Sony ya daina ƙera shi a 2011. Sojojin saman Amurka ba su rabu da mai inci 8 a tsarin sadarwar makamansu na nukiliya ba sai a 2019, Gwamnatin Japan kuwa sai a 2024 ta ba da sanarwar cewa ta gama soke dokokin da ke neman a miƙa mata takardu a kan faifai. Watau dai duk faifan da ke hannun mutane a yau tsoho ne, haka kuma injin da zai karanta shi.

Yadda yake lalacewa

Idan aka farke gidan faifan, abin da za a tarar shi ne wata 'yar leda mai kewaye, sirirya, an shafe ta da garin ƙarfe mai kamar tsatsa wanda aka dama da wani irin gam. A jikin wannan gari ne ake rubutu da ƙarfin maganaɗisu, a bisa layuka masu kewaye, ɗaya cikin ɗaya. Injin yana juya ledar, yawanci sau 300 a minti guda, wani ɗan kai kuma yana goga jikinta yana karantawa, kusan yadda allurar garmaho ke bin faifan waƙa. A nan haɗarin yake, domin kuwa kan yana taɓa ledar taɓawa ta sosai.

Shi gam ɗin nan ba ya jure shekaru. Danshi yakan shige shi ya sassauta shi, zafi yakan ƙara masa saurin ruɓewa, idan kuma wurin ajiya ya yi raɓa sai fumfuna ta tsiro a kan ledar, ta yi fari-fari kamar an barbaɗa toka. Faifan da ya kai wannan hali, da an sa shi cikin inji ya fara juyawa, sai kan ya kankare garin ƙarfen, ya bar zobe fayau wanda ana iya hango haske ta cikinsa. Abin da ke rubuce a wannan zobe ya tafi ke nan har abada, babu gwanin da zai maido shi. Bugu da ƙari, dattin da ya manne a kan injin shi zai yaga faifai na gaba da aka sa, ko da lafiyayye ne. Don haka masana ke cewa a ɗauka karatun farko shi ne na ƙarshe, kada a ɓarnatar da shi wajen gwaji.

Su ma injunan suna da nasu ciwo. Na Amstrad suna aiki da wata 'yar ɗamarar roba wadda kan narke ta koma kamar kwalta bayan shekaru. Akwatin wuta na Commodore 64 ya shahara da cewa idan ya tsufa yakan sako wuta fiye da kima ya ƙone kwamfutar. Wanda kuma ya sami na'urar da aka sayo daga Amurka, ya tuna an yi ta ne don wuta mai ƙarfin bolt 110 zuwa 120, ta nan ƙasar kuwa ninkin wannan ce.

Kowace da harshenta

Ko da faifai yana da lafiya, akwai wata matsala. A wancan zamani kowane kamfani da irin tsarin da yake jera rubutunsa. Faifan Apple II da na Commodore da na IBM duk kamarsu ɗaya a ido, amma injin ɗaya ba ya gane na ɗaya, kamar dai a miƙa wa wanda boko kaɗai ya sani takardar ajami. Kwamfutar Amiga tana cusa kilobait 880 a faifan da IBM ke sa wa 720. Tsofaffin kwamfutocin Macintosh kuwa sauya saurin juyawa suke yi daga bakin faifai zuwa tsakiyarsa. Akwai kuma al'adar masu Apple II da Commodore, waɗanda injinsu fuska ɗaya yake karantawa, ta yanka tsaga a ɗaya gefen faifan su kife shi su yi rubutu a bayansa. Wanda bai san wannan ba sai ya kwafi rabi ya zaci ya gama.

Ɗan injin nan da ake sayarwa a kasuwa, mai igiyar USB, tsarin IBM kaɗai ya sani. Idan aka sa masa faifan Amiga ko na tsohuwar Macintosh, sai kwamfuta ta ce faifan ba shi da tsari, ta tambaya ko a tsara shi. Wanda ya amsa da na'am ya share dukiyarsa da hannunsa. Lalle wannan tambaya ta hallaka ayyuka masu yawa da tsufa bai kai ga hallakawa ba.

Abin da aka ceto

Mai karatu na iya tambaya, shin me ke cikin waɗannan tarkace da har za a wahala a kansu? Amsar tana cikin abubuwan da suka faru a fili.

A watan Yuli na 1985 kamfanin Commodore ya gayyaci shahararren mai zanen nan na Amurka, Andy Warhol, ya zana hoton mawaƙiya Debbie Harry da sabuwar kwamfutar Amiga a gaban taro a birnin New York. Warhol ya ci gaba da zane-zane da ita, sa'an nan ya rasu a 1987, faya-fayansa suka koma gidan tarihin da aka buɗe da sunansa a birnin Pittsburgh. Nan suka zauna shekara da shekaru ba wanda ya san abin da ke ciki, sai da wani mai zane, Cory Arcangel, ya ga fim ɗin wancan taro ya bi diddigi. Ƙungiyar masu sha'awar kwamfuta ta Jami'ar Carnegie Mellon ita ta yi aikin. Ba su kunna tsohuwar kwamfutar suka cusa faya-fayan ba. Sai da suka ɗauki kwafin kowanne da na'ura ta musamman, kana suka zauna suka warware tsarin hotunan, domin manhajar da Warhol ya yi aiki da ita tsohuwa ce ƙwarai. A 2014 aka nuna wa duniya abin da suka samu, cikinsu har da hoton gwangwanin miya irin wanda ya yi suna da shi, da hoton Venus mai ido uku.

Haka kuma Jordan Mechner, wanda ya ƙirƙiro wasan kwamfuta mai suna Prince of Persia a kan Apple II a 1989. Ya daɗe yana neman asalin rubutun umarnin da ya gina wasan da shi, har ya fid da rai. A 2012 mahaifinsa yana share kabad ya ci karo da wani kwali, ya aika masa, sai ga faya-fayan a ciki. Shi da ya rubuta wasan da hannunsa bai yi gangancin gwadawa shi kaɗai ba. Ya kira masana adana irin waɗannan kaya, Jason Scott da Tony Diaz, suka zo da na'urorinsu suka kwashe, aka sa rubutun a intanet inda kowane ɗalibi ke iya nazarinsa.

Gene Roddenberry, mai shirin talabijin na Star Trek, ya rasu a 1991 ya bar faya-fayai wajen 200 da ya rubuta da wata kwamfuta da aka harhaɗa masa musamman. Kamfanin DriveSavers, wanda ya ba da sanarwar kammala aikin a 2016, sai da ya rubuta sabuwar manhaja kafin ya iya karanta su, tun da babu wata kwamfuta ta zamani da ta san tsarinsu.

Akwai kuma darasin da Ingila ta koya. A 1986 gidan rediyon BBC ya tattara bayanai da hotunan ƙasar daga hannun 'yan makaranta da sauran jama'a, don cikar shekara 900 da rubuta littafin ƙidaya na Domesday na 1086. Aka zuba su a wasu manyan faya-fayai masu ƙyalli, na zamani a lokacin. Kafin shekara 20 injunan karanta su sun kusa ƙarewa, sai da masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka yi aikin ceto a 2002. Shi kuwa littafin 1086, da aka rubuta da tawada a kan fata, yana nan a ma'ajiyar tarihi ta ƙasar ana karanta shi. Takarda ido kawai take bukata, faifai kuwa sai da inji da manhaja da wanda ya san kansu.

Hanyar da ta dace

Mataki na farko shi ne duba da ido. A ɗauki hoton takardar da ke manne a jikin kowane faifai, a ba shi lamba, domin sau da yawa wannan ɗan rubutun hannu shi kaɗai ne zai nuna irin kwamfutar da aka yi aiki da ita da shekarar. Sa'an nan a leƙa ledar ta tagar gidan, a juya ta a hankali. Wanda aka ga fari-fari a jikinsa, ko yana wari irin na ɗaki mai danshi, ko ya ƙi juyawa, a ware shi gefe. Irin wannan sai wanda ya ƙware, wanda zai fid da ledar daga gidanta ya wanke ta a hankali ya shanya kafin a karanta.

Na biyu, a kulle faifan don kada inji ya yi rubutu a kansa. A nan akwai abin lura, domin ƙa'idar ta saɓa. Mai inci 5 da kwata yana da tsaga a gefe, rufe ta ake yi da salatif marar haske. Mai inci 3 da rabi kuwa yana da 'yar taga a kusurwa, ture marfinta ake yi a bar ta a buɗe.

Na uku, a tsabtace kan injin da auduga da sifirit mai kyau, a bar shi ya bushe, a gwada shi da faifan da ba a damu da shi ba. Idan ana cikin karatu aka ji ƙara kamar ana goga wuƙa a dutse, a tsaya nan take a zare faifan.

Na huɗu, wanda shi ne ginshiƙin al'amarin, a kwafi faifan ɗungurungum maimakon a tsinci takardu ɗaya-ɗaya. Akwai ƙananan na'urori da aka ƙera don wannan aiki, irin su KryoFlux da Greaseweazle, da Applesauce ta faya-fayan Apple. Ana haɗa su tsakanin tsohon inji da kwamfutar zamani. Su ba ruwansu da ma'anar abin da ke rubuce, aikinsu shi ne su auna kowane juyin maganaɗisu a jikin ledar da tazarar da ke tsakaninsu, su ajiye. Kamar mutum ne ya ɗauki hoton takardar da bai iya harshenta ba, ya kai wa malami daga baya. Amfanin wannan shi ne, ko shekara nawa za a yi ana ƙoƙarin fassarawa, a kan kwafin za a yi, ba a sake wahalar da faifan. Bayan haka akwai manhajojin da ke kwaikwayon tsofaffin kwamfutoci, waɗanda ke buɗe kwafin kamar faifan ne aka sa.

Na biyar, kada a tara ƙwai a kwando ɗaya. Ƙa'idar da masu adana bayanai ke bi ita ce kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya kuma a wani gida dabam ko a intanet. Filashi ma ba abin dogara ba ne na shekaru masu yawa. Rubutun da aka ceto a juya shi zuwa tsarin da kowace kwamfuta ke buɗewa, wanda ya fi muhimmanci kuma a buga shi a takarda. Shi tsohon faifan kada a yar, a sa shi a tsaye cikin kwali, a wuri mai sanyi marar danshi, nesa da lasifika da duk abin da ke da maganaɗisu, domin wata rana ana iya samun na'urar da ta fi ta yau iya karatu.

A nan gida

Kwamfutoci irin su Commodore da Amiga labarinsu ya fi yawa a Turai da Amurka. A Nijeriya faifan ya yi tashe ne a shekarun 1990 zuwa farkon 2000, zamanin shagunan buga takardu da ke kewaye da jami'o'i da sakatariyoyi, inda ɗalibi kan kai kundinsa a buga masa ya karɓi diskit ya sa a aljihu. Akasarin waɗannan masu inci 3 da rabi ne na tsarin IBM, watau ɗan injin USB yana iya karanta su, wannan kuwa sauƙi ne babba. Amma yanayin ƙasar ba ya yi musu sassauci: ƙurar hunturu da zafin bazara a Arewa, danshi a Kudu.

Akwai kuma matsalar da ta shafi masu rubutun Hausa musamman. A wancan lokaci kwamfuta ba ta da haruffan ɓ da ɗ da ƙ a tsarinta na yau da kullum, sai aka riƙa ƙera zubin haruffa na musamman, ana aron gurbin wasu alamomi ana ɗora masu lanƙwasa a kai. Idan aka buɗe irin wannan rubutu a yau ba tare da wancan zubi ba, sai a ga wasu baƙin alamomi a duk inda harafi mai lanƙwasa yake. Rubutun bai lalace ba, abin da ake bukata shi ne a gano wace alama ke wakiltar wane harafi, a musanya su gaba ɗaya. Saboda haka idan an tarar da zubin haruffan a kan wani faifai, shi ma a kwafe shi, don shi ne mabuɗin sauran. Takardun da aka rubuta da WordPerfect kuwa, manhajar LibreOffice, wadda kyauta ce, tana buɗe su.

Wannan aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Kuɗin Greaseweazle da tsohon inji ba su kai na wayar hannu mai tsada ba, don haka ya kamata ɗakunan karatu na jami'o'i da ma'ajiyoyin tarihi su tanadi ko da guda ɗaya, su koya wa ma'aikaci ɗaya ko biyu, su buɗe ƙofa ga jama'a. Haka kuma magada, idan malami ko marubuci ko ɗan jarida ya rasu, galibi littattafansa da takardunsa ake tattarawa, a zubar da kwalin diskit a matsayin shara, alhali mai yiwuwa aikinsa na ƙarshe a ciki yake.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da za a bukaci abin da ke cikin faifan, ko don shari'ar gado, ko don sake buga littafi, ko don jika ya ga rubutun kakansa, ba ita ce ranar fara neman inji ba. Wanda ke da kwalin nan a gida, ya sauko da shi a wannan mako ya duba, ya kulle kowane faifai, ya nemi wanda ya san hanya. Allah ya sa a dace.